Intanet a Gida a Ƙaramin Gari: Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na mutanen da ke zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma ne, ko wani gari da bai kai birni ba a Arewacin Najeriya, waɗanda suka gaji da kunna wa 'yan gida data daga waya ɗaya har ta yi zafi kamar dutsen guga. Ba mu sa farashi ba, domin yana motsi, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Danna *312# a kowane layi ka ga na yau.

Wane irin intanet ake iya samu a garin da ba birni ba?

Hanyar da ta fi yawa ita ce rauta ko MiFi mai cin sim, wadda ke ɗauko 4G daga ƙarfen sabis ta watsa Wi-Fi a cikin gida. Sai Starlink, mai ɗaukowa daga tauraron ɗan Adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. A wasu garuruwan kuma akwai mai harbo intanet da rediyo daga wani dogon ƙarfe zuwa gidaje, idan da ɗan kamfani mai yin hakan a kusa.

Fayiba, wato kebul mai ɗaukar intanet da haske, zuwa cikin gida harkar manyan birane ce har yanzu. Kebul ɗin da ka ga an haƙa rami an binne a gefen titin da ya ratsa garinku, na haɗa ƙarafan sabis ne da juna, ba a yanko wa gida daga jikinsa. Haka 5G: MTN ya fara a 2022, Airtel a 2023, amma inda jama'a suka yi yawa suka fi kai shi. Rauta mai 5G za ta yi aiki a garinku, sai dai 4G za ta riƙa kamawa, ka biya kuɗin abin da ba ka mora ba.

Wane layi ne ya fi kyau?

Wanda ya fi kyau a cikin gidanka. Kamfani ɗaya kan yi gudu a bakin tasha, ya rarrafa a bayan makarantar firamare, alhali tsakaninsu tafiyar minti goma ce. Nisan ƙarfe da gidan, abin da ya tsaya a tsakani, da yawan mutanen da ke rataye a ƙarfen, su ne ke yanke hukunci. Don haka gani ya kori ji: kafin ka sayi komai, yi gwaji.

Ari sim na kowane kamfani daga 'yan gida ko maƙwabta, ka sa wa kowanne datar kwana ɗaya ko ta mako. Yi amfani da waya guda mai 4G wajen gwada su duka, domin waya ma tana da nata bambancin. Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest a daidai wurin da kake son ajiye rautar, ka rubuta abin da ya fito a lokuta uku: bayan sallar asuba, da azahar, da kuma tsakanin isha'i da ƙarfe goma na dare. Maimaita kwana uku, kuma ka tabbata ranar kasuwar garin na ciki, domin ranar ce baƙi ke cika ƙarfen. Kowane gwaji na cin data, wani lokaci megabait da dama, saboda haka kada ka yi ta dannawa.

Sakamakon dare shi ne gaskiyar layin. Layin da ya ba ka 30 Mbps (ma'aunin gudun intanet) da asuba ya koma 1 da dare, bai kai wanda ke tsaye a kan 8 dare da rana ba.

Gudu nawa ya ishi gida?

Kiran bidiyo ko darasi ta Zoom na tafiya lafiya da kusan 3 Mbps, fim mai tsabta sosai na son 5. Gida mai mutum biyar ko shida zai zauna lafiya da 10 zuwa 15 idan suna nan daram da dare. Ka lura: 8 Mbps na sauke megabait ɗaya ne a daƙiƙa, wato fayil mai giga ɗaya zai ɗauki kusan minti 17. Mai tura aiki ko koyarwa ta bidiyo ya duba gudun turawa ma, kada ya gaza 2 ko 3.

Sandunan sabis a cike suke, amma intanet ba ya tafiya. Me ke faruwa?

Sandunan nan ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa faɗin ko akwai sauran wuri a ƙarfen. Cuta biyu ce mai kama da juna, raunin sigina da cunkoso, maganinsu daban, kuma nan ne mutane suka fi asarar kuɗi.

Shiga shafin rautar ta burauza. Adireshin na rubuce a ƙasanta, yawanci 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Nemi lambobi biyu. RSRP na nuna ƙarfin sigina: -80 ya yi kyau ƙwarai, -90 babu laifi, -100 an fara jin jiki, -110 kuwa sai a hankali. SINR na nuna tsabtar siginar: sama da 13 ya yi, sama da 20 madalla, kusa da sifili ko ƙasa da shi akwai hayaniya. A yawancin wayoyin Samsung *#0011# na nuna irin waɗannan lambobi.

Idan lambobin sun yi muni dare da rana, matsalar sigina ce, kuma sauya wurin rauta ko ɗaura eriya zai gyara. Idan lambobin na da kyau, gudun na nan da asuba amma ya mutu da dare, cunkoso ne: ƙarfe ɗaya ne ke ciyar da rabin gari. Eriya ba ta maganin cunkoso, sai dai idan za ta iya jiyo wani ƙarfen daban da ba shi da jama'a. In ba haka ba, sauya kamfani ko ɗage manyan saukewa zuwa tsakar dare.

Akwai na uku da ba a cika tunawa da shi ba. Shi kansa ƙarfen yana samun nasa intanet ɗin ne ta fayiba ko ta rediyo daga wani ƙarfen. Idan wannan hanya ta yi ƙanƙanta, duk garin zai ji a jikinsa, komai kusancinka.

MiFi zan saya ko babbar rauta?

MiFi ta matafiyi ce. Tana da batir, tana shiga aljihu, amma eriyarta ƙarama ce kuma Wi-Fi ɗinta bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba. Babban aibinta a ƙasarmu zafi ne: a bar ta a caji dare da rana cikin bazara, ba a jima ba batirin ya kumbura har murfin ya ɗaga. Batirin da ya kumbura a cire shi nan take, kada a matsa shi ko a huda.

Don gida, rautar tebur ta fi. Duba abu uku kafin ka biya: ramukan ɗaura eriyar waje guda biyu a bayanta, ramin kebul na LAN mai haɗa ta da kwamfuta ko wata rautar, da ajinta, wato lambar Cat ɗinta. Mai Cat 4 igiyar sabis ɗaya take kamawa a lokaci guda, mai Cat 6 ko sama tana iya haɗa biyu idan ƙarfen na bayarwa.

Wadda kamfani ke sayarwa ko buɗaɗɗiya mai cin kowane sim?

Ta kamfani ta fi araha, sau da yawa da kyautar data, amma a kulle take da layinsu. Idan gwajinka ya nuna layi ɗaya ya yi wa sauran fintinkau, saye ta. Idan biyu sun yi kunnen doki, buɗaɗɗiya ta fi, ranar da ɗaya ya ɗauke ka zare sim ka sa ɗayan.

Da buɗaɗɗiya, musamman ta hannu da aka shigo da ita daga waje, karanta jikin kwalin ka ga igiyoyin sabis da take kamawa, wato Band. A Najeriya ana amfani da Band 3, 7, 20 da 28, da wasu. Ƙananan mitoci, wato Band 20 mai 800 MHz da Band 28 mai 700 MHz, su suka fi tafiya nesa da ratsa bango, su ne abokan mutumin ƙauye. Glo na amfani da Band 28, kuma tsofaffin rautoci da yawa ba sa jin sa. Sa sim ɗinka a shagon ka ga 4G ya fito kafin kuɗi ya bar hannunka.

Ina ya kamata a ajiye rauta a gida?

A sama, kusa da tagar da ke kallon ƙarfen sabis. Kwano na mayar da sigina baya, katangar laka mai kauri tana shanye shi, haka dakalin siminti mai rodi da ragar ƙarfe ta taga. Rautar da aka ajiye a ƙasa bayan talabijin, cikin ɗaki mai rufin kwano, an riga an ɗaure mata hannu. Ɗauke ta da doguwar wayar wuta ka zagaya da ita, kana kallon RSRP da SINR, kana dakatawa minti ɗaya a kowane wuri. Matsawar taku biyu kan sauya lambar sosai.

Gidan gargajiya mai zaure, tsakar gida da sassa daban-daban ba ya ƙoshi da rauta ɗaya. Kada ka dogara da 'yar na'urar nan mai maimaita Wi-Fi, tana rage gudu kusan rabi. Ja kebul na LAN samfurin Cat6 daga rautar zuwa sashen da ke nesa, ka sa wata rautar a can. Kebul ɗin na kai mita 100. Saka shi cikin bututun roba saboda rana da ɓeraye, kuma nemi na jan ƙarfe zalla, ba mai alminiyam a ciki ba.

Idan rautar na da Wi-Fi iri biyu, 2.4 GHz ya fi ratsa bango, 5 GHz ya fi gudu a kusa.

Eriyar waje tana aiki da gaske?

Tana yi, idan matsalar rauni ce ta sigina. Nemi mai kebul biyu, domin 4G da hanyoyi biyu yake aiki a lokaci guda. Ɗaura ta a bututun ƙarfe sama da kwano, mutum ɗaya na juyawa kaɗan-kaɗan, wani na ƙasa yana karanto lambobi. SINR za ka bi, ba sanduna ba.

Inda ake faɗuwa shi ne kebul. Siririn nan mai araha, RG58, mita goma nasa na iya cinye fiye da rabin abin da eriyar ta ƙaro. Gajarta shi iya yiwuwa, ko ka sayi mai kauri irin LMR-400. Naɗe mahaɗin da ke waje da tef mai hana ruwa, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ya yi tsatsa. Abin da ya fi duka shi ne rautar waje, wadda sim da eriya ke cikin akwati ɗaya a saman ƙarfe, kebul na LAN ya sauko da intanet ya kuma hau da wuta. Nan babu asarar sigina a hanya.

Duk ƙarfen da ya zarce rufin gida yana kiran aradu. A haɗa shi da sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kuma idan hadari ya taso da tsawa a zare kebul daga rauta.

Ita kuwa busta, na'urar da ke ƙara ƙarfin sabis ɗin waya ta sake watsa shi, NCC ta hana mutane sayarwa da ɗaurawa ba tare da izini ba. Maras inganci tana jefa hayaniya cikin ƙarfen ta ɓata wa unguwa sabis.

Starlink fa, ya cancanci kuɗinsa?

Ga wanda abincinsa ke kan intanet, ko makaranta, asibiti, shagon rajistar jarrabawa, ko gidan da 4G bai isa ba sam, ya cancanta. Ga gidan da WhatsApp da kallon bidiyo ne aikinsa kuma 4G na kai 10 Mbps da dare, nauyi ne: kuɗin kayan, kuɗin wata, ga wuta.

Taurarinsa na shawagi a kusan kilomita 550 daga ƙasa, saɓanin tsofaffin da ke kusan kilomita 36,000, shi ya sa kiran bidiyo ba ya jan ƙafa a kansa. Farantinsa da ake ɗaurawa a waje na son sarari buɗe. Reshen darbejiya ɗaya ko tankin ruwa na sama ya isa ya riƙa yanke haɗin na 'yan daƙiƙu, abin da ba za ka lura da shi a fim ba amma zai katse maka taro. Manhajar Starlink na da wurin duba shinge da kyamarar waya, hau inda za ka ɗaura ka gwada tun kafin ka saya. Duba taswirar shafinsu kuma ka ga ko ana karɓar sababbin masu rajista a yankinku, domin akwai lokutan da suka dakatar a wasu birane saboda cika.

Ruwan sama mai ƙarfi na rage shi ko ya ɗauke na ɗan lokaci, hazon hunturu bai cika damunsa ba. Idan na hannu za ka saya, sai mai shi ya sake shi daga asusunsa an mayar sunanka a gabanka. Wanda ke maƙale da asusun wani, ko ake bin sa bashi, faranti ne kawai.

Wuta ba ta zama a garinmu. Me zai riƙe kayan?

Lissafin ba shi da wuya: watt sau awa. Rautar 4G na cin kusan watt 10, wato watt-awa 240 a yini da kwana. Ƙaramin batir mai 12V 7Ah na ɗauke da 84, kuma irin na dalma rabinsa ake ci idan ana son ya yi ƙarko, kenan awa huɗu. 'Yar UPS ta rauta, wato akwatin ajiyar wuta mai batirin lithium, ta fi sauƙi, tana ba da 12V kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba. Duba jikin cajar rautar tukuna: wasu 9V ne, wasu 5V, kuma ba wa mai 9V wutar 12V na iya ƙona ta.

Starlink babba na cin watt 75 zuwa 100. A kan 100, awa goma na son 1,000. Batirin dalma mai 12V 200Ah na da 2,400, rabinsa 1,200, a cire abin da inbata ke ci, ya rage kusan awa goman nan. Don ya kwana ya yini a kan sola, farantin sola mai watt 300 na tara kusan 1,100 a rana mai kyau, saboda haka biyu sun yi kaɗan, uku ne kwanciyar hankali. A goge ƙurar hunturu a kansu duk 'yan kwanaki. Starlink Mini na cin watt 25 zuwa 40 kawai, shi ya fi dacewa da ƙaramar sola. A cikin manhajar akwai saitin narkar da ƙanƙara, kashe shi, ba Rasha muke ba. Akwai kuma na sa shi barci a awannin da ba mai amfani.

Wutar NEPA mai dawowa da ƙarfi da ƙaramin janareta su suka fi kashe cajar rauta. Sa abin kariyar wuta a tsakani.

Giga nawa gida ke buƙata a wata, kuma me ya sa data ke ƙarewa da wuri?

Bidiyo ne ke cin kusan komai. YouTube a 480p na cin kusan rabin giga a awa, fim mai HD a Netflix na kai giga uku. Talabijin da ke kallo awa uku kullum: a 480p giga 45 a wata, a HD har 270. Gida ɗaya, kallo ɗaya, saiti kawai ya bambanta.

Sauran ɓarnar a ɓoye take. Waya na ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin na banza, da ta hau sai ta shiga sabunta manhajoji, ta kwashe hotuna zuwa Google Photos, WhatsApp ya sauke duk bidiyon da aka zuba a zaurukan dangi da na 'yan makaranta. A saitin Wi-Fi na kowace waya da kwamfuta, mayar da haɗin zuwa Metered, wato mai data ƙidayayya, ka kashe saukewa ta kai tsaye a WhatsApp. Sannan buɗe shafin rautar ka ƙirga na'urorin da ke kai. Gida mai waya shida ya nuna goma sha ɗaya, kalmar sirri ta fita, kuma yawanci ta hannun yara take fita, domin waya na iya nuna ta a hoton QR. Sauya ta, kashe WPS, saitin da ke haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka sauya kalmar sirrin shiga shafin rautar ma, kada ta zauna a admin. *323# na nuna ragowar data.

Tsarin da aka ce ba shi da iyaka, da gaske ne?

Karanta ƙananan rubutun. Wani yana ba ka cikakken gudu har ka kai wani adadi, daga nan ya shaƙe ka zuwa gudun da saƙo kawai ke wucewa. Wani kuma yana ƙayyade gudun tun farko. Tambayi adadin, ko na rana ne ko na wata, gudun da ake komawa bayansa, da ko tsarin na aiki a 4G ko sai inda akwai 5G.

Zan iya raba wa maƙwabta mu haɗa kuɗi?

Ta fuskar aiki, rediyo biyu irin na kamfanin Ubiquiti ko MikroTik da ke kallon juna ba shinge suna kai intanet kilomitoci. Dole a ƙayyade wa kowane gida gudunsa, in ba haka ba mai sauke fina-finai ɗaya zai kwantar da kowa. Ta fuskar doka kuwa, sayar da intanet sana'a ce mai buƙatar lasisin NCC, kuma sharuɗɗan tsarin gida na Starlink sun hana sake sayarwa, suna iya rufe asusun. Ka kuma tuna duk abin da aka aikata ta layin, sunan mai rajista zai fito.

Garinmu na bakin iyaka, kati na ƙarewa ba dalili.

A garuruwa irin Illela, Jibiya, Maigatari da Kamba, na'ura kan tsallaka ta kama sabis ɗin Nijar idan ya fi ƙarfi, a caje ka kuɗin yawo a ƙasar waje kana zaune a ɗakinka. Kashe Roaming, wato saitin yawon, a rauta da wayoyi, ka mayar da zaɓin kamfani na hannu, ka kafe shi a kan naka.

Da sunan wa za a yi rajistar sim ɗin rauta?

Da NIN na mai gidan ko wanda zai daɗe a gidan. Sim ɗin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani haramtacce ne, kuma ranar da ya lalace ko aka rufe shi ba ka da bakin karɓo shi. Rubuta lambarsa a jikin rautar, mutane da yawa sai ranar sayen data suke gane ba su san ta ba.

Sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Wa zan kai wa ƙara?

Fara da kashe rautar na minti ɗaya, ka duba ragowar data, ka sa sim ɗin a waya. Idan maƙwabta masu layin ma ba su da shi, daga ƙarfe ne: man janaretansa ya ƙare, an sace batir, ko masu aikin titi sun tsinke fayiba. Wani lokaci abin daga nesa yake, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni har nan Arewa. A 2021 kuma hukuma ce ta sa aka rufe sabis a Zamfara da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda tsaro.

Kira 300, lambar kula da masu hulɗa ce a duk layukan. Faɗi sunan gari da unguwa, ranar da abin ya fara, da awannin da ya fi tsanani, ka karɓi lambar ƙorafi ka adana. Idan ba a yi komai ba, kira NCC kyauta a 622 ka ba su wannan lamba. Ƙorafin mutum ashirin daga unguwa ɗaya, kowa da lambarsa, ya fi saurin taso injiniya fiye da na mutum ɗaya mai kira sau ashirin.